Injin wanke kwanuka ya ƙi zubar da ruwa: in sayi sabon famfo?

Tambayar ta fito ne daga wata Hajiya a Kaduna. Ta ce injin wanke kwanukanta ya shekara uku yana aiki lafiya, amma kwana huɗu ke nan in ya gama sai ta tarar da ruwan datti kwance a ƙasansa, har ya kusa taɓa kwandon ƙasa. Wani mai gyara ya zo ya leƙa, ya ce famfon fitar da ruwa ne ya mutu, a ba shi kuɗin sabo. Tana tambaya ko ta bayar.

Hajiya, kada ki bayar tukuna. Famfo yana mutuwa, ban musa ba, na canja da dama da hannuna. Amma cikin injinan da ake kirana in duba a kan wannan matsalar, mafi yawansu famfonsu garau yake, hanyar ruwan ce ta toshe a wani wuri. Mutumin da ya leƙa kawai, bai cire matata ba, bai tsaya ya saurari injin yana aiki ba, bai da hujjar yanke wa famfo hukunci. Kuma yawancin binciken da za a yi ke da kanki za ki iya, da cokali da tocila da bokiti.

Bari in fara nuna miki hanyar da ruwan yake bi, don in kin san ta, sauran bayanin ba zai ba ki wuya ba. Injin zamani ba ya cika da ruwa kamar na wankin kaya. Lita uku zuwa huɗu yake ja a kowane zagaye, ya yi ta watsa shi, ya zubar, ya ja wani, har jimlar ta kai wajen lita goma. Idan lokacin zubarwa ya yi, ruwan yana ratsa matatar da ke tsakiyar ƙasan injin, ya gangara wani ɗan rami a ƙarƙashinta. A gefen ramin akwai ɗan ƙaramin famfo mai farfela, wanda ƙarfinsa bai wuce na ƙwan fitila ba, wajen wat talatin. Shi ke tura ruwan ta wani bawul mai buɗewa gefe ɗaya, ya shiga tiyo, tiyon ya kai shi bututun ƙarƙashin sinki, daga nan sai bututun gida, sai kwata ko sokawe. Ko'ina a wannan hanya aka samu cikas, abu ɗaya za ki gani, ruwa kwance. Shi ya sa ganin ruwan kaɗai ba ya faɗa wa kowa inda laifin yake.

Akwai ruwan da ba matsala ba ne. In kika cire matata kika ga ruwa kamar cikin kofi a ramin, haka aka ƙera shi, yana hana robobin ciki bushewa su tsage. Naki da ya haura kan matata ya mamaye ƙasan injin, wannan kam ya wuce ƙa'ida.

Ba ki faɗi ƙirar injin ba. In yana da fuska mai nuna lambobi, ki duba abin da ya rubuta. Bosch da Siemens kan nuna E24 idan ruwa ya ƙi fita, E25 kuma idan famfon ne wani abu ya riƙe ko murfinsa bai zauna daidai ba. LG kan nuna OE, Samsung 5C ko 5E, Miele F11, Electrolux da AEG i20. Duk waɗannan lambobin cewa suke yi ruwa bai fita a kan lokaci ba, babu wadda take nufin lallai famfo ya mutu.

Abu na farko: ki tabbata injin ya gama aikinsa ne, ba katse shi aka yi ba. A gidajenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ɗauke wuta ana tsakiyar wanki, a tada janareta, injin ya rikice ya tsaya inda yake, da safe a buɗe a ga ruwa a ce ya lalace. Ke da kika ce kwana huɗu a jere, da wuya a ce wannan ne, amma gwajin da za ki yi iri ɗaya ne. Ki kunna shi, ki soke shirin wankin. A injina da yawa, danne maɓallin farawa ake yi na daƙiƙa uku, sai a rufe ƙofa, injin ya yi kamar minti ɗaya yana zubar da ruwa. In naki ba haka yake ba, ki fara sabon wanki kawai, galibinsu da zubar da ruwa suke buɗe aiki. Sai ki sa a kashe rediyo da fanka, ki durƙusa kusa da ƙasan ƙofar, ki kasa kunne.

Wannan sauraron shi ne rabin aikin, kuma shi ne abin da mai gyaranki ya tsallake. Ɗaya daga abu uku za ki ji. Ko dai famfon ya tashi yana juyawa zuuu, sumul, amma ruwa bai ragu ba, ko yana raguwa a hankali. Wannan famfo yana raye, toshewa ce a gabansa ko a bayansa. Ko kuma ki ji gurnani ƙasa-ƙasa, kamar mai son tashi an danne shi, wani lokacin da ƙwas-ƙwas. Wannan wuta tana isa gare shi, galibi wani abu ne ya cije farfelar. Ko kuma ki ji shiru, babu ko motsi. Wannan na ukun ne ya fi kai mu ga zancen mutuwar famfo ko matsalar waya, kuma shi ma ba kai tsaye ba.

Kafin ki sa hannu a ciki, ki zare filogi daga bango. Kashewa ta maɓalli bai wadatar ba. Gidaje da yawa ba a haɗa musu wayar ƙasa yadda ya kamata ba, ga ruwa, ga ƙarfe, ga ƙafa a jiƙe. In injin bai daɗe da tsayawa ba, ki bar ruwan ya huce, don zafinsa kan kai digiri 65 zuwa 70. Ki fitar da kwandon ƙasa, ki kwashe ruwan da kofi, ragowar ki tsane da soso. Ki sa safar hannu mai kauri, za ki ga dalili nan gaba kaɗan.

Matatar tana fita ne in an murɗa ta hagu, a ɗago. Yawanci kashi uku ce: mai manyan ramuka a tsakiya, mai laushin raga zagaye da ita, sai faffaɗan farantin ƙarfe mai huji-huji. Ki raba su, ki wanke da ruwan zafi da sabulu da tsohon burushin haƙori, sannan ki ɗaga mai ragar ki kalli haske ta cikinta. In haske bai ratsa ba, ruwa ma ba zai ratsa ba. Sau da yawa a ido za ki ga kamar tsaf take, alhali maiƙo ya liƙe ƙofofin ragar kamar an shafa mata kakin zuma.

A nan zan ɗan tsaya, don girkinmu yana da hannu a ciki. Waɗanda suka ƙera injinan nan ba su yi lissafin manja da kitsen rago da ƙanzon tuwo ba. Manja da kitse suna narkewa a ruwan zafi, amma da zarar sun huce sai su daskare a jikin raga da cikin tiyo. Yauƙin kuɓewa da karkashi ya zo ya riƙe su, shinkafa da gutsuren tuwo su kumbura su zauna a kai, a hankali hanya ta ƙuntata. Abin da ke ƙara ta'azzara shi, mutane suna son gajeren shiri mai ɗan ɗumi saboda wuta ba ta daɗewa, ko don a rage wa janareta nauyi. Na fahimci dalilin, amma injin da kullum a digiri 40 ko 45 yake wanke tukunyar miyar manja, tara maiƙo yake yi a cikinsa. Ba na cewa a wanke kwano kafin a sa shi a inji, in haka ne me ya yi amfani? A dai kankare ragowar abinci a shara, a goge mai da takarda, a kuma riƙa ba injin shiri mafi zafi ko da sau biyu a wata, a wanke matata duk mako.

In matata ta fita, ki haska ramin da tocila. A gefe za ki ga ɗan murfin roba, fari ko toka-toka, shi ya rufe farfelar famfon. A injinan Bosch da danginsu da cokali ake ɓamɓaro shi, wasu tsofaffi kuma suna da sukuru guda da za a kwance. Ki lura da yadda yake zaune kafin ki cire. A bayansa ne ake samun ɓarayin: tsinken sakace, ƙashin kifi, ƙwallon dabino, ɓawon gyaɗa, ledar magi, robar ɗaure kuɗi, takardar da ake liƙawa a jikin kwalba. Wanda ya fi yawa kuma ya fi haɗari shi ne fasasshen gilashi, don a cikin ruwa ba a ganinsa, sai dai yatsa ya ji. Na taɓa zuwa kicin ɗin wani otal inda har an yi odar famfo daga Legas, abin da na zaro da filaya gutsuren bakin kofin shayi ne, bai kai farcen ɗan yatsa ba.

In kin share wurin, ki juya farfelar da bakin cokali ko fensir. Za ki ji tana juyawa da ɗan tsalle-tsalle, tana tsayawa tana wucewa. Kada wannan ya tsorata ki, maganaɗisun cikin famfon ne, lafiyayyen famfo haka yake. Abin da ba a so shi ne ta ƙi motsi sam, ko ta yi sako-sako tana lilo a kan sandarta, ko ki ga fiffikenta ya karye. Sai ki mayar da murfin har ki ji ya ce ƙas. Mutane da yawa suna share famfon tsaf su mayar da murfin a karkace, famfon ya yi ta juyawa ba ya jan ruwa, su ce gyaran bai yi ba. Kusa da wurin kuma akwai bawul ɗin nan mai hana ruwa dawowa. A wasu injinan ɗan harshen roba ne, a Miele ƙwallo ne a cikin gida da ake ɗagowa. Ki tabbata yana motsi, babu abin da ya maƙale masa.

Ki mayar da komai, ki zuba ruwa kamar jug biyu, ki maida filogi, ki sake gwada zubarwa. In ya tafi, shi ke nan, kin huta.

In famfo yana juyawa sumul amma har yanzu ruwa yana nan, to cikin injin ya fita daga zargi, mu koma baya. Ki buɗe kabad ɗin ƙarƙashin sinki ki nemo tiyo mai gurza-gurza da ya fito daga injin. Ki tuna ko an jawo injin kwanan nan, don shara ko fenti ko neman ɓera. Tura shi baya da ƙarfi yana lanƙwashe tiyon a jikin bango, kuma lanƙwasa ɗaya ta isa. Haka jarkar mai ko tukunyar gas da aka jingina a kansa.

Daga nan sai gwajin da na fi yarda da shi, gwajin bokiti. Ki sassauta zoben da ya ɗaure tiyon a bututun sinki, ki zare shi, ki sa bakinsa a bokiti, wani ya riƙe miki, ki sa injin ya zubar. In ruwa ya fito da ƙarfi, inji da famfo da tiyo duk sun wanku, matsalar ta gidan ce. Ki leƙa ɗan hancin da tiyon yake shiga, can ne maiƙo ya fi taruwa, ki zaƙulo shi. Ki kwance gwiwar bututun da ke ƙarƙashin sinki, da kwano a ƙasa, ki wanke. Alamar da za ta nuna miki tun kafin nan ita ce sinkin ma yana jinkirin shanye ruwa, ko kina jin ɓulɓul a cikinsa in injin yana zubarwa. In kin wanke gwiwar abin bai sauya ba, toshewar tana can gaba, ko sokawe ya cika, wanda ba baƙon abu ba ne da damina. Wannan aikin mai gyaran famfon gida ne, ba na mai gyaran inji ba.

In kuwa ruwan ɗiga kawai yake yi a bokiti, tiyon ne ya cushe. A cire shi gaba ɗaya, a kai waje, a tura masa ruwan zafi, a lanƙwasa shi ana murzawa har daskararren man ya fita. Kada a zura masa waya mai kaifi, fatarsa ba ta da kauri. In ya tsufa ya yi tauri, sabon tiyo ya fi araha nesa da famfo. A kuma duba ko an yi masa ƙari. Na sha ganin injin da aka ajiye nesa da sinki aka jona tiyo biyu ko uku, ɗan famfon wat talatin ya kasa turawa. Masu ƙerawa galibi ba sa son tsawon ya wuce wajen mita huɗu.

Naki ya shekara uku yana aiki, don haka wannan bai shafe ki ba, amma don masu sabon inji ko waɗanda aka canja wa sinki: ɗan hancin nan na bututun sinki a toshe yake zuwa daga kamfani, sai an cire marfin ko an yanke bakinsa. Mai haɗawa ya manta, ya ɗaura tiyo a kan toshiya, sabon inji fil ya ƙi zubar da ko ɗigo. Masu injin niƙa shara a ƙarƙashin sinki ma haka, akwai marfi a cikin hancinsa da ake bugewa a fitar.

Akwai kuma wani yanayi mai ruɗi da ya kamata ki tantance. Ki buɗe injin da zarar ya gama. In a lokacin ƙasansa babu ruwa, sai bayan awanni kika tarar da shi, mai wari, har da ganyen shayin da ba ki sa a inji ba, to injin yana zubarwa, ruwan sinki ne ke dawo masa. Tiyon ya kamata ya hau sama har ƙarƙashin kanta a ɗaure shi a can, sannan ya gangaro ya shiga bututu. In ɗaurin ya kwance tiyon ya faɗi ƙasa, duk ruwan da aka zubar a sinki yana da hanyar gangarawa cikin injin. Ƙugiya ɗaya da igiya sun gyara wannan.

Sai kumfa. Ki tambayi duk mai taɓa injin a gidan ko sabulunsa ya ƙare an zuba na wanke-wanken hannu ko garin wankin kaya. Famfo ruwa yake turawa, in ya haɗu da kumfa sai ya yi ta juyawa a banza. In kin ga kumfa, ki kwashe, ki zuba ruwan sanyi da cokali ɗaya na man girki don ya kwantar da ita, ki zubar, ki maimaita har ta ƙare.

Yanzu mu zo kan shiru. In ba ki ji motsin famfo ba ko kaɗan, nan ne aikin mai gyara ya fara, amma da mitar gwajin wuta a hannunsa. A zare filogi, a kai ga famfon ta ƙasa ko ta gefe, a cire wayoyinsa a auna kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinsa. Famfo na gama-gari mai waya biyu, na wuta 220 zuwa 240, yakan nuna wajen om 150 zuwa 250 (om shi ne ma'aunin yadda waya ke turje wa wuta). In mita bai nuna komai ba, kwayil ya yanke, famfo ya mutu da gaske. Sababbin injina da yawa suna da famfo mai ƙafa uku, wanda ake auna ƙafafun biyu-biyu a ga ko sun yi daidai da juna, kuma irin wannan ba a jona shi kai tsaye da wutar bango don gwaji, ƙonewa zai yi. In kwayil lafiya, a bi waya. Bayan injin wanke kwanuka wuri ne mai ɗumi da laima, ɓera yana son sa, kuma yana cin waya. Kyankyasai kuma suna shiga allon na'urar, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa injin, su yi ƙazanta su haɗa wuta. A duba makullin ƙofa ma, don in injin bai gane an rufe ƙofa ba, wasu ba sa tada famfo. Allon na'urar shi ne na ƙarshe da za a zarga, shi ya fi tsada, kuma shi ne wanda masu gaggawa suka fi saurin ambata.

A auna wutar gidan kuma. Idan ta yi ƙasa sosai, famfo kan yi gurnani ya kasa tashi, ya yi zafi, a hankali ya ƙone. In kin lura matsalar ta fi zuwa da yamma lokacin da fitilu ke dushewa, ko in ana kan ƙaramin janareta, sitabilaiza mai ƙarfin ɗaukar injin za ki nema, don in an sa sabon famfo a wutar nan, hanyar tsohon zai bi. Masu injin gwanjo da aka kawo daga Amurka su sani cewa an yi shi ne don wuta 120 mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 230 ce mai bugu 50. Taransifoma tana rage ƙarfin amma ba ta canja bugun, don haka famfonsa a hankali yake juyawa fiye da yadda aka tsara, ƙaramar toshewa ma sai ta kayar da shi.

In kuma kika ga akasin haka, wato famfo yana ta aiki ba ya tsayawa ko da babu ruwa a ciki, wannan wata matsala ce daban. Ruwa ne ya yoyo ya taru a tiren da ke can ƙarƙashin injin, ya ɗaga wani ɗan soso mai iyo, injin ya shiga kare kansa daga ambaliya. Bosch kan nuna E15 a nan. Ana karkata injin a zubar da ruwan ya koma aiki, amma in ba a nemo inda yake yoyo ba, zai dawo.

Don Allah kada ki zuba masa soda mai ƙuna ko ruwan buɗe bututu, ko wa ya ba ki shawarar. Suna cin robobi, suna ɓata alminiyam, kuma in ruwan bai fita ba, ke ce za ki sa hannu a cikinsa, a injin da ake wanke kwanon cin abinci. Kada kuma a haɗa bilic da ruwan khal, iskar da suke fitarwa guba ce. In hanya ta buɗe kina son wanke ragowar maiƙo, ki sayi maganin wanke injin da aka yi don haka, ki kunna shi babu kaya a shiri mafi zafi. In injin yana cikin garanti, iyakarki matata da murfin famfo da tiyo, sauran ki kira inda kika saya.

In mai gyaran ya dawo, ki tambaye shi wace ƙara famfon ya yi, me ya gani a bayan murfin, ruwa ya fito a bokiti ko bai fito ba, nawa kuma mita ta nuna. In ya amsa huɗun nan ya ce har yanzu famfo ne, ki saya, amma a ɗauki lambar ƙirar injin daga takardar da ke liƙe a gefen ƙofa ta ciki, don famfunan suna kama da juna a ido amma mazauninsu da wayoyinsu sun bambanta. Ki kuma ce ya bar miki tsohon a gida.